Kwana Ukun Da Ok-bun Ba Ta Yi Wanka Ba

"Gonarka ta bakin ƙorama," in ji Chun-bae. "In noma ta shekara uku. Ni kuma in koya maka yadda ake yi."

Dal-su ya zuba wa kwanon giyar shinkafar da ke gabansa ido, bai taɓa shi ba. Suna zaune ne a kan dakalin katako a ƙofar zauren tsofaffin ƙauye, rana ta take, warin tafarnuwar da aka shanya ya cika unguwar.

"Yaya, gonar da ubana ya kwashe duwatsunta ɗaya-ɗaya a gadon bayansa? A kan magana kawai?"

"Maganar ce ta kawo min mota har ƙofar gida. Kai da ba ka sayi magana ba, me aka aiko maka? Takardar a yi haƙuri."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Matansu biyu ciwo ɗaya ke cin su, ciwon mantuwa. Amma matar Chun-bae hukuma ta ba ta mataki na uku a ma'aunin masu buƙatar kulawa, inda na ɗaya ya fi kowanne nauyi. Kullum da safe Uwargida Pyo, mai kula da tsofaffi, takan zo ta yi mata wanka, ta dafa abinci, ta share gida. Da hantsi wata mota ruwan ɗorawa ta ɗauke ta zuwa gidan wunin tsofaffi, sai yamma. Chun-bae har ya yi kumatu, ya rina gashinsa baƙi. Dal-su kuwa ta kan katanga yake leƙen duk wannan da zanin gado jiƙaƙƙe a hannunsa. Matar Chun-bae fa har yanzu ta san sunan mijinta.

"Shekara biyu," in ji Dal-su.

"Uku. Ka ga kai ne ke wanki, ba ni ba."

Dal-su ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya kau da fuska gefe ya sha, don Chun-bae ya girme shi da wata goma sha ɗaya. Ciniki ya faɗa.

*

Shekara huɗu ke nan da likitan birni ya nuna wa Dal-su hoton ƙwaƙwalwar matarsa Ok-bun, ya ce, "Baba, wannan ciwo har yau ba wanda ya samo maganinsa. Ƙwayoyin nan jan lokaci kawai suke yi." Tun daga nan ta ƙona tukwane uku. Takalmansa a firji yake tsintar su. Sau biyu ana kamo ta a bakin teku tana jiran kwalekwalen ubanta, wanda ya rasu tun tana amarya. Wata biyar ke nan tana kiran mijinta Malam, tana tambayarsa cikin ladabi yaushe mai gidan zai dawo. Ɗansu tilo, Yong-ho, yana birnin Busan yana tuƙin babbar mota. Haka duk tsibiran kudancin Koriya suke, 'ya'ya sun tafi, tsoho ke jinyar tsoho.

Amma akwai abin da ciwon bai kai gare shi ba. Ok-bun matar babban ɗa ce. Shekara hamsin ita ke girkin ranakun tunawa da kakanni, sau takwas a shekara, ita ke tarbar dangi. Da baƙo zai yi gyaran murya a ƙofa, sai ka ga ta miƙe tsaye kamar an kunna ta.

Abin da ya kashe su ke nan a karon farko da Dal-su ya nemi taimakon hukuma. Da aka ce masu tantancewa za su zo daga hukuma, Dal-su da hannunsa ya yi mata wanka, ya taje mata kai, ya share tsakar gida. Ita kuma ta rusuna ta gaishe su, ta kawo shayin sha'ir da lemo a ɓare.

"Iya, kina iya wanka da kanki?"

"Wace mace ce ba ta iyawa, ɗana?"

"Girki fa?"

"Ka tsaya ka ci ka ji."

Dal-su yana zaune yana ji. Ta yaya mutum zai ƙaryata matarsa a gaban baƙi? Bayan wata guda takarda ta zo, wai ba ta cancanta ba.

*

"Kuskurenka, ka ɗauke su baƙi," in ji Chun-bae ranar da ya zo ba da darasi. Ya tsaya a tsakar gidan da hannu a baya, sai ka ce shi ne hukumar. "Ba baƙi ba ne. Masu cika akwatuna ne a takarda. Kowane akwati da makinsa. Kwana uku kafin su zo, ba wanka, ba taje kai. Tukwanen da ta ƙona ka fito da su a gani. Ka ɓoye butar shayi da kofuna."

"Sai ta ji kunya, Yaya."

"Kunyar za ta manta da ita kafin su kai bakin titi. Sannan ka faɗi komai a gabanta. Har ɓata jikin. Ka ce tana duka. Ka ce tana cizo."

"Ba ta taɓa cizon kowa ba."

"Su suka sani? Cizo ya fi komai maki. Ko ba ka son ka wuce na uku?"

Nan ya kama shi. Dal-su ya hango kansa a zauren tsofaffi da takardar da ta fi ta Chun-bae nauyi, ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji irinsa ba.

"Kai ma haka ka ce a kan taka matar?"

Chun-bae ya sosa ƙeya. "Kowane gida da irin nasa."

*

Kwana ukun sun fi shekara huɗun wuya. Ok-bun tana yawo ɗaki-ɗaki tana laluben mataji, gashinta ya cukurkuɗe, rigarta duk miya. Takan shinshina hannun rigar ta dube shi, shi kuma ya kama wani aikin.

Ranar Laraba da hantsi suka iso, wani saurayi mai jaka da wata ma'aikaciyar jinya. Da jin sallamarsu Ok-bun ta miƙe. Ta kai hannu ga gashinta, hannun ya tsaya a can. Ta rusuna duk da haka, ta nufi madafa. Suna jin ta tana buɗe kabad tana rufewa, tana buɗewa tana rufewa. Ta fito hannu wayam ta tsaya a bakin ƙofa.

Dal-su ya fara magana. Ya nuna tukwane. Ya faɗi zancen bakin teku. Ya faɗi yadda yake wanke ta da safe idan ta ɓata shimfiɗa, saurayin yana ta rubutu. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna tabon da wayar shinge ta yi masa.

"Ga inda ta cije ni."

"Baban Yong-ho."

Muryar a hankali ta fito. Wata biyar yana jiran ya ji wannan suna daga bakinta. Idanunta na kansa, kuma ya ga ta san ko shi wane ne, sarai.

"Baban Yong-ho, baƙi ne fa."

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗago kai. "Ashe tana gane ka?"

Dal-su bai waiwayi matarsa ba. "Ina fa. Duk namijin da ta gani haka take ce masa. Ɗazu ɓarawo ta kira ni."

Alƙalamin saurayin ya ci gaba da tafiya. Ok-bun ta zame a jikin ƙofa ta zauna a ƙasa, ta haɗa gwiwoyinta har suka tafi.

*

Mataki na biyu aka ba ta. Dal-su ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya kulle Ok-bun a gida na rabin awa, ya je zaure ya shimfiɗa takardar a kan dakali.

"Na biyu, Yaya. Naku na nawa ne ma? Na manta."

"Ka yi ƙoƙari," in ji Chun-bae, ya zuba masa giya har ta zuba.

Washegari ya kira ofishin da ke tura masu kula da tsofaffi. Aka ce duk wannan gefen tsibirin mutum ɗaya gare su, Uwargida Pyo, sauran sun koma birni. Ta zo da kanta bayan kwana biyu a kan ƙaramin babur. Ita ma shekarunta sittin da bakwai, gwiwarta ɗaure da bandeji. Ta ƙi shiga ɗaki, ta tsaya a tsakar gida.

"Baba, na karanta abin da aka rubuta. Duka da cizo. Bara wani tsoho ya karya min yatsa, wata biyu ban yi aiki ba. Ba zan iya ba."

"'Yata, ƙarya ce. Ni na ƙirƙira. Shiga ki gan ta, ko sauro ba ta kashewa."

"Kowa haka yake ce min. In ƙarya ce, ka je ka faɗa musu, su karɓe matakin, su kuma ci ka tara."

"To motar gidan wuni fa?"

"Ba sa ɗaukar mai duka. Gidan tsofaffi na hayin gada kuwa, mutum arba'in ne a gabanku." Ta gyara hular kwanonta. "Abin ya ba ni haushi. Da ko na huɗu aka ba ta ba tare da wannan rubutun ba, da na raba safiyata, rabi gidan Baba Chun-bae, rabi nan. Tun bazara na faɗa masa haka zan yi in kun samu. Bai gaya maka ba?"

Dal-su ya dubi katangar da ta raba gidajen biyu. Daga can ana jin rediyo, da muryar Chun-bae yana bin waƙa.

"Bai gaya min ba," ya ce.

*

In za a faɗi wanda ya ci riba, Chun-bae ne. Safiyar Uwargida Pyo ta zauna masa cif, ba a gutsura ba, kuma da kaka ya dasa tafarnuwa a bakin ƙorama, layi talatin da biyu. Hukuma ma ba ta yi asara ba, don a takardunta an taimaki wata tsohuwa a tsibirin nan. Dal-su ya rasa gona, ya samu takarda mai hatimi, yana nan yana wankinsa.

Ok-bun kuwa, Chun-bae ya ce za ta manta, kuma ta manta. Ba ta san an yi wata Laraba ba. Sai dai yanzu in mai kawo wasiƙa ya yi gyaran murya a ƙofa, ba ta miƙewa. Takan rarrafa ta shige bayan kabad ɗin kaya, ta rufe kanta da hannu biyu, har sai ta ji ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa.