Saƙonnin da Rozi Ya Goge

Rozi mai gasa burodi ne a birnin Almati. Shekara ashirin da tara ke nan da ya tsallako iyaka daga ƙasarsu. Ƙanwarsa Mehrigul tana can gida, ita kaɗai ta rage masa a dangi.

Wani Yalkun, mai kiran kansa ɗan kasuwa, ya riƙa turo masa saƙon murya a waya: ko ya ba da sunayen masu zuwa taron 'yan gudun hijira, ko gwamnatin can ta kama Mehrigul. Rozi bai ba da sunan kowa ba. Da jami'an tsaron Almati suka kama Yalkun, aka nemi mai ba da shaida. Kowa ya noƙe, Rozi ya miƙe.

Matarsa Zulpiya ta ce, "Maigida, kai ne jarumin unguwa? In sunanka ya fita a kotu, a kan wa abin zai faɗa? Ba a kanka ba dai."

"In aka ɗaure shi, za su san ido yana kansu. Ba za su taɓa ta ba."

A kotu lauyan Yalkun ya matso yana murmushi.

"Baba, ina saƙonnin?"

"Na goge."

"Ka goge? Da hannunka?"

"Kowa gogewa yake. Duk maganar da ta shafi gida, ka ji sau ɗaya ka goge, kada ta ja wa wani. Haka muke yi."

"To ai ka hutar da ni, Baba."

Alƙali ya juya wajen mai gabatar da ƙara. Shi kuwa ya ce jami'an tsaro sun naɗi saƙonnin, amma ba za su kawo ba, don in aka saurara za a gane wanda ya samo musu. Alƙali ya ce ba ya ɗaure mutum da abin da kunnensa bai ji ba. Aka sallami Yalkun kafin azahar.

A bakin ƙofa Yalkun ya tsaya yana gyara hula.

"Yaya Rozi, sannu da ƙoƙari. Ashe ka iya magana. An rubuta duka."

Rozi ya wuce gida. Kwana uku yana kiran Mehrigul, ba a ɗauka. A na huɗu wani namiji ya ɗauka.

"Wa kake nema?"

Rozi ya faɗi sunanta.

"Babu mai wannan suna a gidan nan."

Zulpiya tana tsaye da ƙullu a hannu. Rozi ya zauna a kan buhun fulawa, ya sake danna lambar.