Begilar da Neville Kaɗai Ya Ji

A garin Yarrabool, mutum bai cika mutum ba sai an ba shi abin riƙewa ranar Anzak, da asubar da ake tunawa da mazan da suka kwanta dama a yaƙi. Wani tuta, wani furanni, wani tukunyar kofi. Neville Pascoe, tsohon malamin lissafi, shi ke riƙe da busar begila, ko da yake bai taɓa kai begila bakinsa ba. A kwamfuta yake kunnawa, lasifika ta watsa wa jama'a.

Kafin shi Mervyn Tuckey ne mai busa. Mervyn ya yi ta busa wa garin har haƙoransa suka zube aka sa masa na roba, daga nan busar ta koma kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Neville ne ya miƙe a taron kwamiti bara ya ce mamatan sun sha wahalar da ta ishe su. Aka yi ƙuri'a, kwamfuta ta kayar da Mervyn da ƙyar. Shugabar kwamiti, Dulcie Harradine, ta gindaya sharaɗi: ranar da na'urar ta ba su kunya, Mervyn ya dawo.

Ana gobe taro, Neville ya buɗe kwamfutar a teburin cin abinci, sai ga tallan wata manhaja mai duba lafiyar na'ura, kuma kyauta. Neville bai taɓa iya wuce abin kyauta ba, shi ya sa kowane ɗaki a gidansa akwai kalandar kantin magani. Ya sauke ta. Ta ɗan yi bincike, ta cika allon da jajayen alamu, ta ce direbobinsa duk sun tsufa, wato 'yan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane lasifika da firinta da sauran tarkacen da ake jona mata.

Matarsa Glenys ta leƙo, hannunta duk garin fulawar biskit ɗin gobe.

"Nev, me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Tsufa suka yi."

"Amma suna aiki?"

"Suna yi."

"To, kai ma haka, kuma ban taɓa ka ba."

Ya danna inda aka ce a sabunta duka. Jajayen suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana jin irin daɗin da yake ji a da idan ya gama makin jarrabawa. Da aka gama ya jona lasifikar, ya gyara zaman na'urorin ƙara ji da likita ya maƙala masa a kunnuwa, masu kama sauti ba waya, waɗanda kwamfutar ta daɗe tana ƙin ganewa. Ya kunna busar. Bai taɓa jin ta fita tas haka ba, kamar mai busar na tsaye a tsakiyar kansa.

"Na zaci za ka gwada," in ji Glenys daga kicin.

"Na gwada."

"Ni dai ban ji komai ba."

"Sai mu kai ki wurin likitana."

Da asuba garin ya hallara a gindin dutsen tunawa, kowa a cikin rigar sanyi, lambobin yabon kakanni na lilo a ƙirji. Mervyn na jingine da motarsa ta ɗaukar kaya.

"Farfesa, ya jikin akwatin?"

"Ya fi haƙoranka ƙwari, mutumina."

Tsarin ba ya canzawa. Dulcie ta karanta kalmomin tunawa, sai busa ta farko, sai shiru na minti ɗaya, sai busa ta biyu ta sallami mutane. Daga sanda Dulcie ta rufe baki har zuwa busa ta biyu, ko tari ba a yi. Wanda ya fara motsi, sunansa ne a bakin mutane har shekara ta zagayo.

Dulcie ta gama, ta gyaɗa masa kai. Neville ya danna, ya ƙame, ya rufe ido. Busar ta taso a hankali, ta ratsa shi. Ya tuna kakansa, wanda bai taɓa gani ba, hawaye ya gangaro masa. Aka shiga shiru, ya yi shirunsa da ladabi. Busa ta biyu ta zo da kuzari ta wuce. Ya buɗe ido, ya saki kafaɗa, ya ce da ƙarfi, irin na mai abu a kunne, "Kun ji yadda ake yi."

Babu wanda ya motsa. Mutanen gari duk suna ƙame, leɓuna sun yi fari don sanyi, idanu kawai suka juyo kansa. Tun da Dulcie ta rufe baki suke jiran busa ta farko, suna kallon tsohon malamin lissafi yana kuka shi kaɗai a gaban lasifikar da ba ta ce uffan ba. Wani tsuntsun kukabura, mai kuka kamar dariyar mutum, ya kece da dariyarsa a kan falwaya.

Neville ya dubi allon. Komai kore. A ƙasa manhajar na taya shi murna, ta haɗa kwamfutar da sabuwar na'urar sauti, ga sunan abin kunnensa a rubuce.

Dulcie ba ta karya shirun ba. Haɓa kawai ta ɗaga wajen Mervyn. Shi kuwa ya miƙa hannu ta tagar mota ya zaro begila, a goge tana ƙyalli, kamar wanda bai san tana wurin ba. Ya tura haƙoransa da babban yatsa, ya ja numfashi, ya busa. Gadon ƙarfe ya kama hanya a kan siminti. Jama'a suka sauke ajiyar zuciya.

Wurin karin kumallo, ana zuba kofi mai ɗigon barasa, Dulcie ta tsaya kusa da shi.

"Neville, baɗi muna neman mai soya tsiran nama."

"Matsalar ƙarama ce, Dulcie. Wuri ɗaya zan danna."

"Na sani. Jiya ma wuri ɗaya ka danna."

Da shekara ta zagayo, Neville na bayan kaskon suya da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, kwamfutar na ɓoye ƙarƙashin tebur kusa da buhun albasa. Da Mervyn ya ɗaga begila, sai Neville ya sunkuya kamar zai ɗauko mai, ya danna. A duk Yarrabool shi kaɗai ya ji busar yadda ya kamata, ya tsaya a ƙame, ido rufe, nama na ƙonewa a gabansa.