Ƙullun Taibatu da Watan Kawu Shehu

Duk wanda ya taɓa yin ƙaramar Sallah a unguwarmu ta Talata Mafara ya san masar Taibatu. Gida arba'in ne ke ba ta aikin masar safiyar Sallah, wadda ake ci da miyar taushe in an sauko daga idi. Ni katanga ɗaya ta raba mu, don haka abin da zan faɗa yawancinsa da idona na gan shi.

Wahalar sana'ar nan a sama take. Ƙullun masa sai an jiƙa shinkafa da safe, a kai inji da la'asar, ya kwana ya tashi. Wata kuwa ba a sanin ya tsaya ko bai tsaya ba sai bayan magariba. To ranar ashirin da tara ga azumi yaya mai masa za ta yi? Taibatu rabin shinkafar take jiƙawa. In an ga wata sai ta bi sauran da ruwan zafi a guje, in ba a gani ba ta soye rabin ta sayar wa masu buɗa-baki.

Bara dabarar ta ci ta. Aka ga wata, layin inji ya kai bakin titi, gida tara suka tashi babu masa. Cikinsu har da gidan Hajiya Lailatu, wadda surukanta suka zo daga Gusau suka karya da ɗumamen tuwo. Hajiya Lailatu kuwa ita ce bakin matan unguwa, inda ta juya nan suke juyawa. A gidan suna ta faɗa, kowa na ji, cewa in aka sake bana za ta kwashe gidajen gaba ɗaya ta kai wa wata mai masa a bakin tasha. Taibatu ta dawo gida ta yi kuka sosai, don shekara ashirin ta yi tana gina sunan nan a gaban tanda.

A nan mijinta Barau ya shigo maganar. Ya yi ritaya daga aikin ruwan Bakolori, inda ya shekara talatin yana buɗe ƙofar ruwa yana rufewa bisa jadawali, kuma tun da ya dawo gida yake neman abin da zai buɗe ya rufe.

"Ke matsalakki rashin tsari ce," in ji shi. "Ruwan Bakolori da kainai sai randa munka ce ya tahi shi ka tahiya, balle shinkahwa. Bana ki bar min."

A yi masa adalci, ya yi aiki. Tun kafin a kama azumi ya hau babur ya je Bakura, ya ɗauko buhun farar shinkafa wurin wani manomi Zubairu, lokacin ba a fara rububi ba. Man gyaɗa jarka biyu daga matan Maradun. Albasa ya shanya ta a ɗakin baƙi har baƙi suka daina zuwa. Yis, kanwa, sukari da itace duk sun shigo kafin kasuwar Talatar ƙarshe, wadda kaya ke haukacewa a cikinta. Har mai inji ya kama, ya sa shi ya rantse buhun Taibatu ne farkon shiga. Abu ɗaya ya rage a jadawalin Barau, ranar Sallah, ita ma ya ce ya san inda ake samo ta.

Yana da kawu a Maradun, Kawu Shehu, tsohon da aka shaida shekara da shekaru shi ke fara ganin jinjirin wata a yankinsu. Ranar ashirin da takwas Barau ya bi hanyar nan da yanzu sai da addu'a ake bin ta, ya iske tsohon zaune a ƙofar gida. Kawu ya miƙa hannu wajen turken akuya, sai Barau ya zagaya ya kama hannun. Kawu ya ce, "Murtala, ka yi ƙiba." Murtala ɗan Kawu ne, kuma yana tsaye a gefe yana kallon ƙasa. Barau ya ɗauka raha ce irin ta manya.

Sai da aka gaisa aka tambayi gida da gona da zafi, sannan ya ce, "Kawu, azumin bana nawa na?"

"Yau da asuba na hito na dubi gabas," in ji Kawu. "Tsohon wata ya ɓace, ko ƙyallinai ban gani ba. In ya ɓace ran ashirin da takwas, gobe sabo na tsayawa. Ashirin da tara na, tahi ka yi shiri."

Barau ya dawo yana ji da kansa. Washegari da safe ya sa aka kwance buhu.

"Malam, mu jiƙa rabi," in ji Taibatu.

"Rabin ga shi yak kashe ki bara. Duka za a jiƙa."

Ta tuna fuskar Hajiya Lailatu a gidan suna, sai ta jawo baho. Aka jiƙa duka. Da la'asar aka markaɗo, babu layi ko na mutum ɗaya, Barau yana ta nuna mata hakan. Ƙullu ya cika baho uku da robobi da tukunyar biki da aka aro a gidana.

Da magariba Barau ya hau katangarmu da dabino a baki, ya kafa wa yamma ido. Ya ga jemagu, ya ga jirgin sama, har ya yi kabbara ga wata farar leda da ta maƙale a waya. Bayan isha rediyo ta sanar cewa ba a ga wata ba ko'ina, gobe azumi na talatin. Ya sauko ya buga wa Murtala waya, ina jin su ta katanga.

"Yaya Barau," in ji Murtala, "ai Baba shekara biyu ke nan yana ta rufe mai idanu. Kunya munka ji mu hwaɗi gabanai."

"Amma da bakinai yac ce min bai ga wata ba!"

"Gaskiya ya hwaɗa maka. Ko rana ma bai ganin ta."



Da safe tsakar gidan Taibatu ba wurin taka ƙafa. Azumin bazara ne, zafi ya taimaki yis, ƙullu ya ture murafe ya gangaro har bakin zaure. Kaji sun shiga sun fito da fararen ƙafafu. Tsami ya fara bugun hanci, kuma kowace mace ta san ƙullun nan ba zai ƙara kwana ba. Barau ya buga wa Zubairu, Zubairu ya ce ko ƙwaya babu, masu fitar da zakkar fidda-kai sun kwashe. 'Yan tireda ma sai shinkafar dafawa, wadda ba ta yin masa. Ya zauna bisa turmi ya dafe kai, tausayinsa ya kama ni duk da haushinsa da nake ji.

Taibatu ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta jiƙa kanwa ta tace, ta bi ƙullun da ita ta kashe tsamin. Ta fito da duk wani kwano mai murfi da ke gidan, na kawo nawa, muka ciccika.

"Malam, tashi. Gida arba'in. Ka ce su soya su yi buɗa-baki, kyauta ta. In sun tambayi dalili ka hwaɗa musu da bakinka. Kuma ka tsaya a ba ka kwanona."

Haka dattijo mai furfura ya bi unguwa da azumi a baki, kwanoni ɗaure a bayan babur. Kowace ƙofa sai ya yi sallama, a gaisa har a gaji, sannan ya ba da labarin Kawu Shehu, ya tsaya a gama dariya. A gida na farko aka dawo masa da kwano da nauyi. Na biyu ma haka. Sai a na uku ya buɗe ya ga farar shinkafa. A garin nan ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, kuma ranar jajibere ba gidan da ba a auna shinkafa ba. Taibatu ta san da haka tun tana tace kanwa.

Gidan Hajiya Lailatu ne na ƙarshe. Ta bar shi a rana ya ba da labarin sau biyu, ba ta yi ko murmushi ba. Kwanon ya fito a wanke, a goge, babu komai.

"Ka ce mata ƙullu ba masa ba ne. Gobe in an sauko idi mu gani."

Kafin azahar shinkafar gida talatin da tara tana cikin ruwa. Ba ta kai buhu ba, sai Taibatu ta soke masar gidanta da ta gidana, ban kuwa ji daɗi ba. Barau da kansa ya bi layin inji, a tsakiyar mata, ba jadawali.

Ranar Sallah, liman bai gama huɗuba ba masa ta gama fita. Ta Hajiya Lailatu Taibatu ta ɗauka da kanta, ni ina biye da miya. Kwanon ya fi na kowa cika. Hajiya ta gutsura a gaban baƙinta, ta tauna, ta sake gutsura.

"Wagga shinkahwar ina ce? Ta hi ta bara."

"Ta unguwa ce, Hajiya. Kowane gida da tashi a ciki."

Hajiya Lailatu ta daina tauna. Ta dubi masar, ta dubi kwanon, shi ne dai wanda ta goge jiya. Ban taɓa ganin kunya ta kama matar nan ba sai ranar. Taibatu ta yi mata barka da Sallah muka fito, a zaure na ga tana share ido da bakin mayafi.

Da la'asar kwanon ya dawo, da ƙyar murfin ya rufu. Soyayyar kaza ce guda, da saƙon cewa baɗi a ninka mata masarta. A gefe kuma, a naɗe cikin leda, ga tsohon tabarau na marigayi mijinta, wai a kai wa Kawu Shehu.