Katin Cikin Riga

Ni ce na hana a ɗinka falmaran ɗin. Gara in faɗa tun farko, kada a kwashe laifin duka a jibga wa masu gora.

A shekarun da tashin bom ya zama ruwan dare a Maiduguri, jami'armu ta kafa kwamitin ɗalibai masu nakasa. Aka ba ni shugabanci saboda ina koyarwa a Tsangayar Ilimi, kuma na iya maganar hannu. Kowace tsangaya ta turo wakili, yawanci wanda sashensa ya gaji da bakinsa. Duk da haka mun taɓuka abin kirki. Mun sa an zuba gangarar siminti a ƙofofin tsangayoyi biyar saboda masu keken guragu, mun sauko da jarrabawarsu daga bene. Kaina ya yi girma, ba na musu.

Matsalar da ta rage ita ce ta ƙofa. Taku ashirin kafin kowane gini an ja layi da farin fenti. A nan za ka tsaya, mai gadi ya daka maka tsawa, ka ɗaga riga ka juya a ga ba ka ɗaure da komai, sannan ya ce ka wuce. Idan gari ya rikice kuwa, ba ruwansu da layi, duk inda aka hango ka tsawa ce. Komai da murya ake yi, mu kuma muna da kurame huɗu.

Babbansu Hashim ne, ɗan unguwar Bulumkutu, yana ajin ƙarshe a Tsangayar Injiniya. Sanƙarau ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara shida. Ban taɓa ganin hannu mai surutu irin nasa ba. Kullum cikin tsokanata yake, wai hannuna in'ina yake yi, sai ya jira in gama jimla yana hamma ta ƙarya.

Shi ya zo taronmu da buƙata. Ya ce a ɗinka musu falmaran ruwan ɗorawa mai sheƙi, irin ta masu aikin titi, a sanar da kowa cewa mai wannan riga ba ya ji. Dakta Nkolika, wakiliyar Injiniya, ta goya masa baya nan take.

"Malama Ammatullahi, yaron nan ya san abin da yake faɗi," in ji ta. "Mai bindiga ba ya tsayawa karatu. Kala yake gani."

Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga wani taron bita a Abuja ba, bakina cike da kalmar mutunci. Na miƙe na ce ba za mu yi wa 'ya'yanmu tambari kamar shanun kasuwa ba. Na ce kati za a yi musu, ƙarami, a rataya a wuya ta cikin riga, wanda ya ga dama ya nuna, wanda bai ga dama ba sirrinsa ne. Aka tafa mini.

Hashim bai tafa ba. Ya zura hannu cikin rigarsa, ya zaro, ya ɗaga mini gira. Na ce masa za a rubuta wa masu gadi takarda, su san da zancen. Ya yi murmushi, ya ce da yatsunsa, "Ke ce malama."

Takardar na rubuta ta, ta kuma isa. Abin da ban lissafa ba shi ne ranar tashin hankali ba masu gadinmu ne ke tsaye a ƙofa ba.

Wata Talata da misalin ƙarfe goma na safe, ina ofishin Nkolika a saman bene, bom ya tashi a katangar baya. Gilashin taga ya zubo mana a kan tebur. Kafin minti biyar harabar ta cika da 'yan kato da gora daga unguwannin kewaye, wasu da adda, ɗaya da bindigar farauta. Ɗalibai suna ta gudu, ana cewa akwai na biyu da bai tashi ba tukuna.

Ta tagar da ta fashe na hango Hashim. Daga ɗakin karatu yake tafe, jaka a baya, idonsa a kan takarda, yana takawa a natse kowa na gudu. Na san ya ji girgizar a ƙafarsa, amma a garin nan kullum ƙasa na girgiza da igwar sojoji. Ranar ce zai gabatar da aikinsa na kammala karatu.

"Kai! Tsaya nan!"

Bai tsaya ba. Masu gorar suka sake daka masa tsawa, ya ƙara taku biyar. Sai da ya ɗago ya ga bakin bindiga, takardar ta faɗi. Ya ɗaga hannu, ya nuna kunnensa. Suna ce masa ya kwanta, yana kallon bakuna goma suna motsi lokaci guda. Baa Kashim, tsohon mai gadin tsangayar, yana ihu daga baya cewa kurma ne, wani ya hankaɗe shi ya faɗi. Daga nan Hashim ya yi abin da na koya masa. Ya zura hannu cikin riga.

Gorar farko a wuyan hannu ta same shi. Ta biyu a ƙeya. Ya durƙusa ya rufe kansa da hannuwa biyu, suka yi ta sauke masa. Wani ya farke jakar da adda, wayoyi da batir suka zubo. Fitila ce ya haɗa, mai walƙiya idan an ƙwanƙwasa ƙofa, don kurma ya san yana da baƙo. Ganin wayoyin nan ya ƙarasa haukata su. Na ji ana kiran a kawo taya.

Ban san yadda na sauko ba. Na bi ta gangarar da muka gina, takalmina ya fice, na kutsa na faɗa a kansa. Gora biyu ta sauka a bayana, har yau idan sanyi ya shigo ina jin su. Na lalubi wuyansa, na fizgo igiyar, na ɗaga katin sama jini na bin hannuna.

"Ɗalibina ne. Ba ya ji. Ku karanta, don Allah ku karanta."

Wani dogo mai jar hula ya sunkuya ya karanta. Ya dubi Hashim, ya dubi gorarsa, ya sake ta a ƙasa. Sauran suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kawo tayar ya ajiye ta a hankali, kamar ba shi ya ɗauko ba.

Hashim bai mutu ba. An cire yatsu uku a hannun dama. Na hagu kuwa likita ya ce ƙasusuwan sun dagargaje, ko ya warke ba zai lanƙwasu ba.

Cikin kwana uku aka ɗinka falmaran, babu taro babu muhawara. Na ɗauki ɗaya na tafi asibiti. Mahaifiyarsa, Ya Yagana, tana zaune a tabarma kusa da gadon. Ta miƙe ta kama hannuna.

"Wushe, sannu Malama. An ce ke kika kwanta a kansa. Allah ya saka miki."

Da ma ta mare ni, da ya fi mini sauƙi.

"Abu ɗaya ke damuna," ta ce. "Tun yana ƙarami da hannu yake gaya mini komai. Jiya ya yi ta kallona, ban san ruwa yake so ba ko ciwo ne."

Hashim yana kwance, hannuwansa biyu a naɗe kamar ƙunshin tuwo. Na ajiye falmaran a gefen gado. Na tsaya inda zai gan ni sosai, na fara magana da hannuna mai in'ina. Na ce shi ya yi gaskiya. Na ce ni na jawo masa. Ina cikin haɗa alamar neman gafara, ya dubi rigar, ya dube ni, ya rufe idonsa.

Na taɓa kafaɗarsa. Bai buɗe ba.

"Barci ne, Malama, ya gaji," in ji Ya Yagana.

Ba barci ba ne. Shekara goma sha biyu ina koya wa ɗalibai cewa idan kurma ya rufe ido, ba sauran hanyar da maganarka za ta kai gare shi. Na tsaya a wurin hannuna a sama, da rabin kalma a yatsuna.