Akwatin Yaya Hansatu a Ofishin Awaki

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Sai na fara faɗin wace ce Yaya Hansatu. Ita nake bi. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye, har ranar da ta tsaya gaban alƙali ta nuna mutanen da suka sace majinyaci daga kan gado. Aka ɗaure wasu, sauran suna waje, suka fara aiko mata da saƙo. Ta ɗauki 'yarta Nusaiba ta koma wani gari, ta sauya layin waya, ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Cikin 'yan kayan da ta tafi da su akwai rauta, farin akwatin nan mai ba da intanet a gida, wanda ta sa wa suna Maman Nusaiba.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafar wando ya wuce sama. Mutane sun shimfiɗa laimominsu a ƙasa suna takawa. A kan kowane soro akwai rauta a zaune, yana kiran sunansa kamar mai talla. Wayoyin mutane kuwa, da sun ji suna sai su fice daga aljihu, su tashi sama su nufi wani dogon gini, su dawo su shige aljihun. Masu wayoyin ba sa ko waiwayawa.

Na tambayi wata tsohuwa mai soya awara da ruwan sanyi.

"Iya, ina suke zuwa?"

"Gulma suke kaiwa ofis," in ji ta. "Wane akwati suka ji, kuma a wace unguwa."

"Wa ya aike su?"

"Ba a aikensu, ɗan nan. Haka aka haife su."

Sai ga ni cikin ofishin.

Awaki ne ke aiki a ciki. Wata akuya tana share bango da wutsiya, wani ɗan taure yana cin labule a natse. Daɓen ɗakin gaba ɗaya taswirar ƙasa ce, an barbaɗa mata wasu ƙwayoyi kamar gero, kowace tana kyalli. Kowace ƙwaya akwatin gidan wani ce. A bayan babban tebur wani bunsuru ne sanye da tabarau, yana tuƙa.

Mutum ɗaya ne a gabana a layi. Farin kaftani ne a jikinsa, an goge tsaf, gefen kunnensa na hagu a yanke. Na gane shi. Shi ne ya zauna a bencin baya a kotu ranar da Yaya ta ba da shaida, bai ɗauke ido daga kanta ba.

Ya gaishe da bunsurun cikin ladabi, ya tambayi lafiyar iyali.

"Yallaɓai, akwai wani akwati da yake ƙauyenmu a da, Maman Nusaiba. Ina ya koma?"

Bunsurun ya sauko, ya taka garuruwa, ya tsallake kogi, ya ɗora kofato a kan ƙwaya ɗaya. Daidai gidan Yaya ne, bayan injin niƙa. Sannan ya nuna masa na maƙwabta, dama da hagu.

"Waɗannan gyara ne," in ji shi.

Mutumin ya yi godiya ya fita. Ba a tambaye shi sunansa ba.

Na matsa gaban teburin na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan kashe ta zai yi."

"Wa?"

"Yayata. Mai akwatin."

"Malam, mu nan ba ma bin mutane," ya ce, yana goge tabaransa da kunne. "Akwati muke bi. Ba mu san sunan kowa ba."

"Ai akwatin yana ɗakinta."

"Wannan tsakaninta da akwatin ne."

"To a cire shi daga ƙasan nan, don Allah."

"Ana cirewa. Mai akwati zai ɗaura wa sunan akwatinsa wutsiya, shi ke nan sai mu kau da kai."

"Wa ya gaya mata haka?"

"An sanar. Yana rubuce a gindin rijiyar bayan ofis, kowa yana iya sauka ya karanta."

Ya ci gaba da tuƙa. Na ga ba mugunta a idonsa, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Sai ga ni a hanya. A ƙasar nan in ka yi gudu gaba, gida nesa yake ƙara yi, don haka na juya baya na riƙa ja da baya da sauri. Can nesa ina hango farin kaftanin, yana tafe a hankali, yana tsayawa gaisawa da mutane.

Sai ga ni a tsakar gidan Yaya.

Tana tsince shinkafa. Nusaiba tana kwance a tabarma tana aikin makaranta a waya. Akwatin yana kan taga yana kiran suna, Maman Nusaiba, Maman Nusaiba, da muryar yarinyar sak.

"Yaya, sun san nan."

Ba ta tashi ba. Ta dai ajiye farantin.

"Ta yaya, Mamuda? Na sauya gari. Na sauya layi. Ko sallar idi ban fita ba."

Na nuna mata tagar.

Ta zare wayar wutar akwatin, ya ci gaba da kira. Muka lulluɓe shi da bargo, muryar ta ratso. Muka kifa masa tukunya, tukunyar ta ɗauki sunan ta ƙara masa ƙarfi. Na ce a ɗaura masa wutsiya. Yaya ta yago gefen zanenta ta ɗaura, akwatin ya yi shiru. Amma daga wajen katanga wata akuya ta leƙo ta ce wutsiyar gobe za ta fara aiki, labarin yau an riga an bayar. Tana rufe baki akwatin ya koma kira.

Nusaiba ta tashi zaune.

"Kawu, za mu sake tashi ne? Na fara yin ƙawa a nan."

Yaya ta kalle ni. Ban taɓa ganin gajiya irin wannan a fuskarta ba, ko ranar kotu.

"Ba inda za ku," na ce.

Na karɓi ragowar zanen, na goya akwatin a bayana kamar jariri. Yana da ɗumi, yana da nauyi fiye da girmansa. Yaya ta kama hannun rigata.

"Kai za su bi."

"Akwati suke bi, Yaya. Da bakinsu suka faɗa."

Ta sake ni a hankali, ta gyara mini ɗaurin goyon, ta ce Allah ya tsare.

Na fita ta ƙofar baya. Na ratsa kasuwa da gangan, inda mutane suka fi yawa, wayoyi suna tashi daga aljihuna suna kai labarina. Na wuce tasha, na wuce gonaki, har gari ya ɓace. Duk lokacin da na waiwaya, farin kaftanin yana biye, ya bar hanyar injin niƙa.

A wani fili da babu gida babu bishiya na gaji. Na kwance goyon, na ajiye akwatin a gabana na zauna. Ina jin tsoro ƙwarai, amma zuciyata a kwance take.

Mai farin kaftanin ya iso ya tsaya, ya yi sallama kamar mai tsayuwa a ƙofar zaure. Na amsa.

"Nan ne gidan Maman Nusaiba?"

"Nan ne," na ce.

Ya sunkuya ya fara cire takalmansa don ya shigo.

A nan na farka. Maƙwabcina ne yake jan ƙofar garejinsa, tana ƙara a kan siminti, yana faɗa wa yara su yi sauri kada su makara.