Ɗanladi Ya Ƙi Rantsuwa

"Kalma ɗaya ce fa, Ɗanladi. Ɗaya tal. Ka ce wallahi, mu koma gida."

Hanne ta faɗi haka tana jan hannun rigarsa a bakin kasuwar Gaya. Ita kanta ba ta san sau nawa ta maimaita ba tun da suka baro Gafasa da sassafe. Ƙanen nata ya dai gyara ratayar gafakarsa, wadda ba komai a cikinta sai littafi ɗaya mai baƙin bango, ya ci gaba da tafiya.

Yana ɗan shekara bakwai mahara suka ɗauke shi a gonar ubansa, yana korar tsuntsaye. Aka sayar da shi hannu zuwa hannu har ƙasar Nupe. Daga can ya gudu Lakwaja, inda Nasara suka karɓe shi, suka koya masa irin baƙaƙensu, ya zama mai bin Almasihu. Sai bayan shekara ashirin da biyu ya dawo, yaƙin Basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Ya tarar iyayensa, waɗanda Maguzawa ne, sun rasu. Yayarsa Hanne ta musulunta, ta yi aure, mijin ya rasu. Gonar ubansu ta gindin kuka kuwa tana hannun Datti, ɗan wan ubansu, wanda shi ma ya musulunta ya zama babban ɗan kasuwar albasa. Datti ya ce shi bai san wannan baƙo ba. Ɗanladi na gaskiya, in ji shi, kura ta cinye shi tuntuni. Wannan Banufe ne, a ji Hausarsa ma.

Hanne ce ta kai ƙara a madadinsa. Yau kuma alƙali zai yanke, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas kwana biyun nan. Duk wanda gonar ta faɗa hannunsa yau, shi zai yi shuka.

To, abin da ke damun Hanne shi ne littafin. Ɗanladi ba ya karatu da sauri. Shafi ɗaya yake yi kowace Lahadi, a gindin tsamiya, yana bi da ɗan yatsa, leɓɓansa na motsi. Kuma duk abin da ya tarar a shafin, ran Litinin sai ya aikata shi. Makon da ya karanta cewa kada mutum ya kwana da fushin ɗan'uwansa, sai ga shi a ƙofar gidan Datti ya durƙusa yana neman gafara. Kafin azahar Datti ya shaida wa duk Gafasa cewa Banufen ya amsa laifinsa. Makon da ya karanta batun kallon mata, ya yini kansa a sunkuye, har ya yi karo da mai fura ya kifar mata da ƙwarya. Hanne ta kai ga in Lahadi ta gabato sai ta fara neman tsari.

Lahadin da ta wuce kuwa, saura kwana huɗu a zauna shari'a, ya rufe littafin ya ce, "Yaya, ashe an hana rantsuwa."

"Rantsuwar ƙarya. Mu ma an hana mu."

"A'a. Duka. In i ne, ka ce i. In a'a ne, ka ce a'a. Shi ke nan."

"Ba za ka iya tsallake wannan shafin ba, ka dawo masa bayan girbi?"

Bai iya ba.

Suka ratsa ta tsakiyar kasuwa. Kai ka ce yau aka buɗe rumbun rantsuwa. Mai kanwa yana rantsuwa da Allah ko uwar kuɗinsa bai mayar ba. Mahauci yana rantsuwa da kabarin ubansa cewa tunkiyar jiya tana kiwo da ƙafarta. Wata mai daddawa ta ce aradu ta faɗo mata in ta rage ko ƙwaya. Hanne ta bi su da kallo kamar mai jin yunwa a gidan biki.

"Ka gani ko? Ga ta nan a ƙasa, kowa na takawa. Kai kaɗai ta gagara."

A rumfar albasa suka hangi Datti, ya ci babbar riga shuɗiya saboda shari'a, amma bai bar ciniki ba. Ya ɗaga albasa ɗaya a gaban wata tsohuwa. "Wallahi tallahi, Inna, yau da safe aka tono ta a Kademi. In ƙarya nake kada in ga gobe." Albasar har ta fara tsiro.

Da ya hange su ya washe baki. "A'a, Banufe! An zo ɗaukar gona? Ka zo da buhun da za ka zuba ta?"

"Ina kwana, Yaya Datti," in ji Ɗanladi, ya ɗan rusuna.

Hanne ta yi tsaki, ta ja shi.

Zauren Alƙali Ja'afar ya cika, don labari ya bazu cewa yau za a ga Banasare baƙar fata. Alƙalin dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu, yana fifita da mafici. Ya saurari Hanne, ya saurari Datti da labarin kurarsa, wadda yanzu ta zama kuraye biyu. Sannan ya ce a kawo shaida.

Shaida ɗaya gare su: Gwadabe wanzami. Tsoho ne tukuf, idonsa ya yi hazo, sai da dogari ya riƙo hannunsa. Ya ajiye zabirarsa, ya ce a matso masa da fuskar. Ya shafa kumatun Ɗanladi na dama da yatsu, ya shafa na hagu, ya tsaya. Sai ya ɗaga hannu ya kai masa ɗan duka a ƙeya.

"Kai ne! Ɗan banza, kai ne ka yi atishawa!"

"Baba Gwadabe, yi bayani," in ji alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, wannan tsagar aikina ce. Uku dama, uku hagu, irin ta gidansu. To, dubi ta ukun a hagu, ta karkace ta nufi kunne. Ran sunansa ne, na ɗora aska ke nan yaron nan ya yi atishawa. Shekara hamsin ina wanzanci, ban taɓa karkata tsaga ba sai a fuskar nan. Ubansa ya hana ni ƙafar akuya saboda ita. Yadda ban manta ƙafar ba, haka ban manta fuskar ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Datti ya ce, "Wallahi tsohon nan ko raƙumi ba ya gani."

"Ba na ganin raƙumi, amma ina jin warin ruɓaɓɓiyar albasa," in ji Gwadabe.

Alƙali ya ɗaga mafici, aka yi shiru. "To, abin ya zo da sauƙi. A shari'ar dukiya, shaida ɗaya da rantsuwar mai nema sun isa. Ga shaida. Saura rantsuwa. Kai ba Musulmi ba ne, ba zan ba ka Alƙur'ani ba. Kowa da abin da yake girmamawa ake rantsar da shi. Ɗora hannunka a kan littafinka, ka rantse da Allah kai ne Ɗanladi ɗan mai gonar nan. Sai mu tashi mu yi salla."

Hanne ta runtse ido.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Ɗanladi, "ni ne Ɗanladi. Amma ba zan rantse ba."

"Ba kai ba ne ke nan?"

"Ni ne."

"To rantse."

"Littafin ne ya hana."

Alƙali ya daina fifita. "Littafin da na ce ka rantse da shi, shi ya hana ka rantse da shi?"

"I, Allah ya gafarta Malam. Almasihu ya ce i ɗinmu ta ishe mu."

"Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai taɓa zama alƙali a Gaya ba," in ji alƙali a hankali. Ya juya ga muhutinsa, mai rubuta hukunci. "Shekara nawa muke zauren nan?"

"Goma sha tara."

"Ka taɓa ganin wanda aka roƙa ya rantse?"

"Sai dai a roƙe su su bari, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali ya sake gwadawa. Ya ce to, a kawo ƙarfe ya rantse da shi irin na iyayensa Maguzawa. Ɗanladi ya ce ya bar wannan. Ya ce to, ya ce wallahi a hankali, yadda shi da muhuti kaɗai za su ji. Ɗanladi ya ce ai Allah zai ji. Wani daga bayan zaure ya ce shi zai rantse a madadinsa in za a ba shi goro, dogari ya fitar da shi.

Hanne ta rarrafo gaba. "Allah ya gafarta Malam, tun yana ƙarami haka yake, kansa ba daidai ba. Ni zan rantse. Sau goma in ana so."

"Ba ke za ki shuka gonar ba, Hanne. Koma ki zauna." Ya dubi Ɗanladi. "Ka san abin da kake yi? Gonar ubanka ce za ka bari saboda kalma ɗaya."

Ɗanladi ya sunkuyar da kai. Shekara ashirin da biyu yana ganin kukar nan a mafarki, a Bida, a Lakwaja, a kan hanya. Ya matse gafakar a ƙirjinsa.

"Na sani. Ni ne Ɗanladi. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Datti ya miƙe yana kaɗe riga. "Alhamdu lillahi! Wallahi na faɗa muku. A tashi lafiya."

"Zauna, Datti," in ji alƙali. "Ina za ka? In mai nema ya ƙi rantsuwa, ai kan wanda ake nema take komawa. Kai Musulmi ne. Ga buta can, yi alwala. Za mu shiga masallaci, ka ɗauki Alƙur'ani, ka fuskanci alƙibla, ka rantse wannan ba ɗan ƙanen ubanka ba ne. Ka yi, gona taka ce har abada."

Murmushin Datti ya tsaya a inda yake. "Alƙur'ani kuma?"

"Tun safe kake rantsuwa. Ina jiyo ka daga nan."

"Ai, Allah ya gafarta Malam, waccan ta kasuwa ce."

"Allahn kasuwa daban ne?"

Datti ya ɗauki buta ya fita. Mutane suka bi shi, suka kewaye shi. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, ya daɗe a kan ƙafar hagu kamar zai feɗe ta. Da ya gama ya ce alwalar ta karye, ya sake. Gwadabe, wanda aka zaunar a inuwa, ya fara ba na kusa da shi labari da ƙarfi, wai akwai wani mutumin Ajingi da ya rantse a kan jakin da ba nasa ba, kafin kaka yatsunsa suka fara guntulewa ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa ya yi masa ƙaho bai yi amfani ba. Datti ya dubi yatsunsa. Ya ce ruwan butar ya ƙare.

Aka ƙaro ruwa. Ya yi ta uku. Ya taka har ƙofar masallaci, inda ladan ke tsaye riƙe da Alƙur'ani cikin gafakarsa ta jar fata. Datti ya miƙa hannu, ya janye, ya share gumi da hannun babbar rigarsa.

"Allah ya gafarta Malam... yanzu da na ƙara dubansa a haske, kamar yana ɗan yanayi da Baffa. Ta wajen hanci."

"Kuraye biyun fa?"

"Ai ban gani da idona ba. Faɗa aka yi."

"Za ka rantse ko ba za ka rantse ba?"

Datti ya ja da baya daga ƙofar masallacin.

"Muhuti, rubuta. Mai nema ya ƙi rantsuwa don tsoron Allah. Wanda ake nema ya ƙi rantsuwa don tsoron kuturta. Shaida yana nan. Gona ta Ɗanladi ce." Alƙali ya miƙe yana dafa gwiwa, ya dubi Ɗanladi. "Kai kuma, in ka sake samun shari'a, ka kai ta Dutse."

Hanne ta rangaɗa guɗa a ƙofar masallaci har ladan ya harare ta. Datti kuwa ya tsaya yana faɗa wa duk wanda zai saurara cewa wallahi da ya rantse, cikinsa ne ya murɗa. Da mutane suka watse, sai muryarsa ta sauka. "Shekara ashirin ina kai wa gonar nan taki. 'Ya'ya tara. Ina za su yi shuka bana?"

Da la'asar suka kama hanyar Gafasa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska na kawo ƙanshin ƙasa. Hanne na ta lissafin inda za a sa dawa da inda za a sa gero. Can baya, nesa kaɗan, Datti na tafe shi kaɗai da jakinsa.

Sai wani tunani ya zo mata. Yau Alhamis. Saura kwana uku Lahadi.

"Ɗanladi, shafi na gaba, me ke cikinsa?"

"Sai Lahadi, Yaya."

"Kawo gafakar in riƙe maka. Ka gaji."

Ya miƙa mata ba musu. Ta rungume ta, ta riga ta san inda za ta sa ta: can ƙasan rumbu, ƙarƙashin damman bara, sai an yi girbi an kai amfani gida.

Suka yi 'yar tafiya. Ɗanladi ya yi gyaran murya.

"Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Da ina rufe littafin ran Lahadi, idona ya faɗa kan layin farko."

Hanne ta tsaya cak. "Me ya ce?"

"Wai in mutum yana jayayya da kai a kan riga, ka ƙara masa da mayafi." Ya waiwaya. "Ba duka ba, Yaya. Gefen rijiya kawai zan bar masa. Ni gindin kuka ya ishe ni." Ya ɗaga hannu, ya ɗaga murya. "Yaya Datti! Ƙaraso mana, mu tafi tare!"

Rantsuwar da aka yini ana nema a Gaya ba a samu ba, sai ga ta a kan hanya. "Wallahi tallahi," in ji Hanne, "yau sai na jefa littafin nan a rijiya. A gefen Dattin ma!"

Ɗigon farko ya faɗo a kan gafakar. Ta dube shi, ta dubi sama, ta yi tsaki. Sannan ta ja gefen mayafinta ta rufe littafin, kada ya jiƙe.