Tukuɗi a Bayan Tabarma

"Umma, don mi kinka zubar da tukuɗin Inna bayan tabarma? Ko babu daɗi?"

Rumaisa ce ta yi tambayar, da 'yar muryarta mai shiga kunne, kuma daidai lokacin da makaɗa suka tsagaita don su jiƙa maƙoshi. Mata shida ne zaune a kan tabarmar, babu wadda ba ta ji ba.

Uwarta Mu'minat ta daskare da ƙwaryar a hannu. Ta so ta ce ƙuda ne ya faɗa ciki, ta so ta ce hannunta ne ya kuɓuce, amma shaida na nan a fili. Ga rairayin nan a jiƙe a bayanta, ga gutsattsarin dabino a kai, har wata kaza ta fara tsattsaga.

Ranar bikin layin Buzaye ce a Illela. Shekara-shekara in an gama girbi, danginsu kan gangaro daga arewa ta Ƙonni, sai a tare bakin layin da bencina, kowane gida ya shimfiɗa tabarmi a ƙofa, ya fito da abin da ya dafa. Wanda ya ratsa ta nan baƙo ne, ko an san shi ko ba a san shi ba. Tun bayan Azahar wurin ya cika. Hayaƙin gashin rago ya gauraye da ƙamshin shayi, samari na kaɗa jita a kan wata tsohuwar a-kori-kura, mata kuma sun ɗaure fata a bakin turmi suna kaɗawa suna tafi. 'Yan kabu-kabu ma sun ajiye babura sun shigo ana cin gurasar da aka gasa cikin toka. Rumaisa, 'yar shekara biyar, tun da suka iso take tsalle, ta ce ita ma sai an ɗaura mata rawani.

Mu'minat ba mai shiga taro ba ce, ballantana da yarinya. Inna Gaisha ce ta taka har gidanta sau biyu ta gayyace ta. A asibiti suka san juna, daminar bara, lokacin da amai da gudawa suka shigo gari. Gadon Rumaisa na kusa da na jikan Inna, Mukhtari. Da aka rasa ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa, tsohuwar ce ta tsaya riƙe da ta Rumaisa har hannunta ya sage. Rumaisa ta tashi. Mukhtari bai tashi ba.

Tun daga nan Mu'minat ta ɗaukar wa kanta doka, 'yarta ba ta shan ruwan da ba ita ta tafasa da hannunta ba. Yau ma akwai gorar ruwa da 'yar kular shinkafa a cikin jakarta, ta lulluɓe da mayafi. Shi ya sa da Inna ta miƙo ƙwaryar tukuɗi, gero da cuku da dabino an dama su da ruwa, ta ce, "Wagga ta ɗiyata Rumaisa ce, ita kaɗai," Mu'minat ta karɓa da hannu biyu tana godiya, ta jira hankalin mutane ya koma wajen kiɗa, ta karkata ta tuttular.

"Ke, rufe mini baki," ta ce wa Rumaisa ƙasa-ƙasa.

"To ai ni ban sha ba. Kin ce in na sha cikina zai yi ciwo."

Wata daga cikin matan ta ja mayafi ta rufe baki. Wata ta tashi kamar an kira ta. Ramatu, surukar Inna, uwar Mukhtari, ita ce ta ajiye butar shayin da take fifitawa.

"Maman Rumaisa," in ji ta, "kin san tun yaushe Inna taka aikin wagga ƙwarya? Tun da safe ta tafasa ruwan daban, ta rufe, ta hana kowa taɓawa. Ƙwaryar sabuwa ce, jiya anka sawo ta. Cukun kuwa ƙanenta ya kawo mata daga Abalak, ko mu ba ta ɗanɗana muna ba. Mu za ki koya wa tsoron ruwa? Mu?"

"Ramatu," Inna ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta miƙa hannu ta karɓi ƙwaryar daga hannun Mu'minat, ta leƙa cikinta, ta goge bakin da gefen zanenta, ta kife a kusa da ƙafarta.

Kiɗa ya dawo. Aka rangaɗa guɗa a ƙofar gidan da ke kallonsu, yara suka ruga can. Mu'minat ta ga hanya a buɗe. Tana iya saɓar 'yarta ta nutse cikin taron nan, kafin a farga ta kai bakin titi. Amma ta san in ta tashi yanzu, ita da ƙofar gidan nan har abada, kuma duk ranar kasuwa sai ta sauya hanya don kada su haɗu da Inna. Matar da ta riƙe wa 'yarta ruwa alhali nata jikan na kwance.

Sai ta jawo jakar, ta yaye mayafin, ta fito da gorar da kular ta ajiye a tsakiyar tabarma, kowa na gani.

"Inna, ga abin da na zo da shi gidanki," ta ce. "Ba ƙyama ba ce, wallahi. Tsoro ne. Ko gidan mahaifiyata haka nike zuwa. Na ji kunyar in tambaye ki, sai na yi abin da ya fi tambayar muni. Ki gafarce ni."

Inna ta daɗe tana kallon gorar. Ta ɗauka, ta jijjiga, ta buɗe ta shinshina.

"Kin tafasa shi da kyau," ta ce. "Haka ake so. Da mun san haka bara..." Ta mayar da murfin. "Ɗiyata, da kin tambaye ni, da na kai ki madafa kin ga tukunyar da idonki. Mi ya fi wannan sauƙi?"

Mu'minat ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan atamfarta.

"Inna," Rumaisa ta ce tana jan zanen tsohuwar, "kaza ta cinye nawa. Akwai saura?"

Mace ɗaya ta fashe da dariya, sauran suka bi, ban da Ramatu. Inna ta dafa gwiwa ta tashi ta shiga gida. Da ta fito, sauran tukuɗin bai kai rabin ƙwarya ba. Ba ta ba yarinyar ba, uwar ta miƙa wa. Mu'minat ta yi bisimilla, ta kai ƙwaryar bakin 'yarta da hannunta, ba ta ko ɗanɗana ba tukuna. Rumaisa ta shanye ta lashe leɓe, ta ce ya fi furar gidansu.

A layin nan ba a tashi daga shayi sai an sha kofi uku, don haka Mu'minat ta zauna. Ramatu ta zuba mata na farko mai ɗaci, ta zuba na biyu, ta zuba na uku, duk ba ta ɗaga ido ta dube ta ba. Rumaisa kuwa ta shiga cikin masu tafi, an ɗaura mata ɗankwali a matsayin rawani, tana rawa da ƙashin haƙarƙari a hannu.

Da rana ta yi sanyi suka yi sallama. Inna ta raka su har wajen bencina, ta cusa wa Mu'minat wani ƙulli a jaka, busasshen tukuɗi ne dunƙule biyu.

"Ki dama mata a gida," ta ce, "da ruwanki."

Da murmushi ta faɗa, har tana shafa kan yarinyar. Amma Mu'minat ta ji maganar har cikin ƙashinta, kuma da ita ta taka har gida. Sati na zagayowa ta koma gaisuwa. Inna ta karɓe ta hannu biyu. Ramatu ta amsa sallama daga cikin ɗaki, ba ta fito ba, kuma har yau gaisuwarsu ba ta wuce "lafiya lau".

Ke uwa mai karanta wannan, ki tsare ɗanki, babu mai ganin laifinki. Amma in an miƙo miki abinci a gidan mutane kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, buɗe baki ki tambaya a gaban mai shi. Kada ki zubar a ɓoye. Yaron da ke gefenki yana kallon hannunki, kuma zai faɗa, a lokacin da kowa ya yi shiru.